Hular da Sada Bai Fansa Ba

Ranar da aka nuna mini Lauya Rahinatu, cewa na yi a raina an gama da ƙanena. 'Yar firit ce, ba ta kai kafaɗata ba, muryarta kuma sai ka matso kake jin ta. Ta zo gidanmu a Ƙofar Guga cikin wata tsohuwar mota mai tari, ta zauna kan tabarma ta tanƙwashe ƙafa, ta shiga gaida mahaifinmu gaisuwar da ta ƙi ƙarewa: ya gida, ya iyali, ya zafi, ya ƙarfin jiki, ya haƙurin rashi. Ni kuwa ina tsaye jikin ƙofa ina tafasa. Ƙanena Abba yana gidan yari ana tuhumarsa da kisan kai, laifin da ake rataye mutum a kansa, ita kuma tana nan tana tambayar lafiyar awakinmu.

Sunana Furera, malamar firamare ce ni, kuma duk unguwa an san ba a raba haƙuri da ni ba. Na faɗi wannan tun da wuri don a san bakin da ke ba da labarin.

Wanda aka ce Abba ya kashe, Sada ne, ɗan Gwaggo Hajo, yayar mahaifinmu da ta yi aure a Ƙofar Kaura. Taubasai ne ke nan, ɗan mace da ɗan namiji, kuma tun suna yawo ba wando suke wasan taubasantaka. Duk watan cika-ciki, wanda ya riga ɗan'uwansa sai ya fizge masa hula ya ruga, ba kuma za a mayar ba sai an fanshe ta da goro. Sun girma, sun yi gemu, Sada har ya yi aure, amma ba su daina ba.

A shekarar da soja suka sauka, watan cika-ciki ya faɗo tsakanin zaɓe da rantsar da sabuwar gwamnati. Jam'iyyar da Sada ke bi ta ci, wadda Abba ke bi ta sha ƙasa, suka yi ta tsokanar juna a kai kamar yadda suke yi a kan komai. Sada ya sa aka yi masa sabuwar hula ƙube mai aikin shuɗi, wai ta ranar rantsuwa ce. Bai iya jira ba, ya kafa ta ya tafi sallar la'asar. Ana fitowa daga masallaci Abba ya yi wuf ya fizge ta, ya zuba da gudu yana dariya. Sada ya bi shi, shi ma yana dariya, babbar riga ta harɗe masa ƙafa a bakin kwata, ya faɗi kan gwiwa.

Abba ne ya dawo ya ɗaga shi, shi ya goya shi a babur zuwa asibiti. Likita ya duba ya ce targaɗe ne, ba karaya, ba ko ƙwarzane, ya naɗe gwiwar da bandeji ya ce a je a huta. A hanyar dawowa ma faɗan hula suke yi. Sada na cewa a ba shi abinsa, Abba na cewa sai ya ga goro.

Bayan kamar mako biyu, haƙoran Sada suka sarƙe, wuyansa ya sandare, jikinsa ya riƙa banƙarewa. Aka koma da shi asibiti, bai fito ba. Rantsuwar da ya yi wa hula bai gan ta ba.

Ba a gama zaman makoki ba Alhaji Shehu, ƙanen mahaifin Sada, ya tafi wurin 'yan sanda. Mahaifin Sada ya daɗe da rasuwa, don haka Alhaji Shehu ne babba a gidan, kuma a lokacin yana hangen wata kujera a sabuwar gwamnati. Ya ce kisan siyasa ne, ɗan adawa ya hankaɗa ɗansu cikin kwata don haushin faɗuwa zaɓe. 'Yan sanda suka zo suka tarar da hular rataye a ƙusa cikin ɗakin Abba tana jiran goronta. Suka tafi da ita, suka tafi da shi, aka kuma hana beli.

To, a wannan hali ne Rahinatu ta gama da awaki, ta juyo ta dube ni.

"Yaya Furera, zauna mana. Tsayuwa ba ta hiddo shi."

"Zama ma ba ya hiddo shi," na ce. "Ke dai gaya mani, kin taɓa cin shari'a ko a kanmu za ki koya?"

Mahaifinmu ya daka mini tsawa. Ita kuwa murmushi ta yi, ta ce tambaya ce mai kyau, ta ci wasu, an cinye ta a wasu. Daga nan ta ce abin da na riƙe har yau.

"Kotu ba ta tambayar wa ya hi baƙin ciki, kuma ba ta tambayar wace jam'iyya mutum ke bi. Hannu take nema. Mi hannun Abba ya yi? In an samo wannan, sai a kama igiya daga hannun nashi a bi ta, a ga ko ta kai har kabari ko ta tsinke a hanya. Aikina ke nan, bin igiya."

Na zauna. Ba don na yarda da ita ba, don dai ƙafata ta gaji.

A zaman farko na kotu na fara sauya ra'ayi. Ta shigo da baƙar riga har ƙasa, farin gashin nan na lauyoyi ɗore bisa ɗankwalinta, kamar yarinya ta ari kayan babanta. Masu gabatar da ƙara suka kawo wani Ɗanliti, ɗan koren Alhaji Shehu, wanda ya rantse cewa da idonsa ya ga Abba ya tura marigayi. Ya ba da labari tiryan-tiryan har da nuni da hannu. Da aka ba Rahinatu dama, ta miƙe a hankali, tana tambaya da Turanci tafinta yana juyawa.

Ta fara gaishe shi, ta tambayi sana'arsa, har ya saki jiki. Sannan ta tambaye shi, da suke gudun, wa ke gaba?

"Abba," in ji Ɗanliti.

Wa ke baya?

"Marigayi."

Hular tana ina?

"Tana hannun Abba, ya ɗaga ta sama shina kaɗawa."

Ya waiwayo?

"Ina hwa! Gudu shikai kamar an biyo shi da wuƙa."

Ta dube shi da tausayi, ta ce to mutumin da ke gaba, ya ba da baya, hannunsa na sama, da wace gaɓa ya tura na bayansa? Da ƙeya?

Kotu ta kwashe da dariya har sai da alƙali ya buga tebur. Ɗanliti ya dubi Alhaji Shehu, Alhaji Shehu ya dubi fanka. Ni kam da ba a riƙe ni ba da na yi guɗa.

A waje na rungume ta na ce an gama. Ta zare jikinta ta ce ba a ma fara ba. Turi ya faɗi, gaskiya ne, amma lauyan gwamnati ba wawa ba ne. Zai ce ko ba turi, fizgen hula ne ya jawo gudu, gudu ya jawo faɗuwa, faɗuwa ta jawo rauni, rauni ya jawo ajali.

"To ai sakacin gidan su Sada ne," na ce. "Da sun kula da ƙahwar da bai mutu ba."

"Wannan ba ta hisshe mu," in ji ta. "In ka ji ma mutum ciwo ya mutu da ciwon, doka ba ta sauraren cewa da an yi magani da ya tashi. Naka ne. Abin da ke tsinka igiya shi ne wani hannu daban ya shigo ya yi nashi sabon rauni, ajali ya biyo ta nan. Ni kuma abin da ke damuna, targaɗe ba ya sarƙe haƙora."

Haka ta ja ni muka je wurin likitan da ya duba Sada sau biyun. Dattijo ne mai yawan aiki, ya ba mu lokaci a tsaye. Ya ce ciwon da ya kashe Sada ta kafar rauni yake shiga jiki, ba ya shiga ta fata lafiyayya. Ran farko bai ga rauni ba. Amma ran da aka dawo da shi, da ya kwance bandejin, ya tarar da wani ɗan rami a gefen gwiwa, zagayayye, mai zurfi, bakinsa a ƙone, an cusa masa wani baƙin gari. Ya tambayi 'yan rakiya, kowa ya ce bai sani ba. Zai faɗi haka a kotu, amma ba zai iya rantsuwa kan wanda ya yi ramin ko ranar da aka yi shi ba. Lauyan gwamnati kuwa zai ce ƙusa ce a cikin kwata, likita ne bai lura ba ran farko.

Tun yana magana na gane irin ramin da yake nufi. Da muka shiga mota na naɗe hannun rigata, na nuna mata wani tabo zagayayye a damtsena.

"Sakiya ce," na ce. "Ina ƙarama na yi maruru a gidan Gwaggo Hajo, ta kira wanzami ya gasa kibiya a wuta ya huda mani. Gwaggo ba ta yarda da kumburi ba. In ta ga kumburi, sai an sake shi."

Rahinatu ta daɗe tana kallon tabon. Ba ta yi murna ba, ni kuma hakan ya ba ni haushi.

Sai an san Gwaggo Hajo za a gane abin da ya sa ba wanda ya kawo ta a rai. Sada ɗanta ne na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, mai alkunya ta gaske. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba, ba ta zama inda yake zaune, in ana yabonsa sai ta tashi ta ba da wuri. Da ya faɗi, matarsa tana gidan iyayenta wankan jego, yana kwance shi kaɗai a ɗakinsa na zaure, amma Gwaggo ko leƙawa ba a ga ta yi ba. Abin da aka ji daga bakinta kawai shi ne, "Wai an ce wani ya hwaɗi." Ran da aka fita da gawarsa ma ba wanda ya ga hawayenta. Mata suna ta yaba mata, wai dattijuwar kirki.

Na ce wa Rahinatu ta rubuto sammaci yanzu-yanzu, a kawo Gwaggo kotu ta yi mata irin ta Ɗanliti. Ta ce shari'ar ba tawa ba ce, ta Abba ce, sai abin da ya ce.

Muka je gidan yari. Abba ya rame, wuyansa ya yi tsawo, dariyar nan tasa ta tafi. Rahinatu ta zayyana masa komai ba ta rage ba: in Gwaggo ta yi magana, akwai hanya, in ba ta yi ba, abin yana iya kaiwa inda ba a so. Ya sunkuyar da kai.

"Kar a kai ma Gwaggo sammaci," ya ce. "Ta rasa ɗa. In ce kuma a tsaida ta gaban duniya a ce ita ta kashe shi? Ni na ɗauki hulla. Da ban ɗauka ba da shina nan."

Na zage shi tas a gaban gandiroba. Na ce masa sakarai, na ce masa mahaifinmu ba zai kai baɗi ba in aka yanke masa hukunci, na yi kuka har majina. Bai ɗago ba. Rahinatu ta ce ta ji, ba za ta kai sammaci ba, amma tana neman izininsa ta je gaisuwa. Ya ce gaisuwa kam ba a hana ta.

Gaisuwar kuwa ta yi ta. Aka rantsar da gwamnati, damina ta sauka, ana ta ɗage shari'a, Rahinatu na zuwa Ƙofar Kaura duk ran da ta samu sarari, ni ina biye da ita kamar jela. Takan cire takalmi tun daga zaure, ta durƙusa, ta yi ta'aziyya, ta tambayi ciwon ƙafar Gwaggo, ta taya ta tsince wake, mu tashi. Ko sau ɗaya ba ta ambaci kotu ba. A mota nakan ce mata Allah ya isa lokacina, ita kuma takan miƙo mini gyaɗa. Na sha ganin masu haƙuri, amma irin nata mai aiki ne, ba na rashin abin yi ba.

Ana saura zama ɗaya a rufe jin shaidun Abba, muka je da hantsi. Gwaggo na zaune gindin bedi, wato dalbejiyar tsakar gida. Bayan gaisuwa ta dube ni ta ce in je in ɗebo ruwa. Na tafi, amma randar ba ta da nisa, kunnena kuma lafiya lau yake.

"Ɗiyata," in ji Gwaggo, "kin daɗe kina zowa. Wanda ke zowa haka da magana a bakinshi. Mi za a yi ma Abba?"

"In kotu ta yarda hwaɗuwar nan ce ajali, Hajiya, abin da nauyi. Ana iya ɗaure shi ɗauri mai tsawo. Ana iya abin da ya hi haka."

"To ba ita ba ce?"

"Likita ya ce targaɗe ba ya kawo ciwon nan. Ya ce ta wani rami ya shiga, gehen gwiwa."

Na ji waken da ke hannun Gwaggo ya zube cikin faifai.

"In ba Abba ba ne," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ni ce ke nan?"

Nan ne na tabbatar Rahinatu za ta yi ƙaryar da kowa zai yi, ta ce a'a Hajiya, ƙaddara ce, ta lallaɓa ta har ta samu abin da take so. Ba ta yi ba.

"Ba ni yi maki ƙarya, Hajiya. In sakiya aka yi, ta nan ciwon ya shiga. Doka ba ta kiran uwar da ta nema ma ɗanta sauƙi mai kisa, wannan na sani. Amma mutane za su yi magana, kuma ba ni da maganin bakinsu. Abba ya hana ni kawo maki sammaci, ba ni kuma kawowa. In ba ki zo ba, zan tsaya mashi da abin da ke hannuna, in bar ma Allah sauran."

"Shi ya hana?"

"Shi ya hana."

Gwaggo ta ci gaba da tsintar wake, muka yi sallama. A mota na buɗe baki zan fara, sai na ga Rahinatu ta jingina goshi da sitiyari. Na rufe bakina, abin da ba kasafai nake yi ba.

Ran zaman, likita ya ba da shaidarsa, lauyan gwamnati kuma ya kawo zancen ƙusa kamar yadda aka zata. Likita ya ce bai ga ƙusa ba, amma ba ya rantsuwa. Alƙali ya tambayi Rahinatu ko tana da sauran shaida. Ta miƙe, ta waiwaya ta dubi ƙofa sau ɗaya, ta buɗe baki za ta ce babu.

Sai ga Gwaggo Hajo ta shigo, lulluɓe da farin mayafi, tana dogara sanda. Matar da ban taɓa ganin ta taka ko ofishin mai unguwa ba. Alhaji Shehu ya yi zumbur ya tare ta yana cewa Hajiya lafiya, mi ya kawo ki nan. Ta ratsa ta gefensa kamar turmi ne aka ajiye a hanya.

Aka ba ta kujera, ta yi alkawarin faɗin gaskiya. Rahinatu ba ta yi mata tambayoyi ba, cewa kawai ta yi ta faɗa wa kotu abin da ta sani. Gwaggo ta kafa ido a ƙasa ta fara.

Ta ce ɗakinta bango ɗaya ne da na yaron nan. Tana jin nishinsa, tana jin yana gaya wa abokansa gwiwa ta ƙi sacewa, rantsuwa za ta wuce shi yana kwance. Ba ta iya shiga ta duba shi ba, ba ta iya tambayar kowa ba, don ba a san ta da haka ba. Ran wata Juma'a, maza sun tafi masallaci gida ya yi tsit, ta ji wani wanzamin ƙauye na wucewa, irin masu shigowa gari da zabira. Ta kira shi ta bayan ƙyaure, ta ce ga ɗaki can, a saki kumburin. Da hannunta ta hura garwashin da aka gasa kibiyar, ta tura kaskon bakin zaure. Ba ta shiga ba. Tana tsaye jikin bango ta ji ƙarar da ya yi. Da wanzamin ya tafi, yaron nan ya mayar da bandejinsa ya rufe, bai gaya wa kowa ba har ya koma ga Allah.

"Ya san ni na aiko," ta ce. "Ya ruhe ne don kar a ce na damu da shi."

Tafinta ya tsaya ya share fuska kafin ya juya wannan.

Lauyan gwamnati ya miƙe. Ba mugun mutum ba ne, na ga alama shi ma ba ya son tashin, amma aiki ne. Ya ce shaida tana ta cewa "yaron nan", a shari'ar rai kuwa dole a tabbatar da wanda ake nufi. Wane yaro?

Rahinatu ta yi wuf ta miƙe. A duk shari'ar, ranar ce kaɗai na ji ta ɗaga murya. Ta ce ya mai shari'a, ɗan fari ne, kowa a ɗakin nan ya san abin da ake nema a sa dattijuwar nan ta yi, kuma ba wanda ke shakkar wanda take nufi. Alƙali ɗan gari ne, ya gyaɗa kai, ya buɗe baki zai amince.

Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Bari, ɗiyata. Zauna."

Ta ɗago kai karo na farko, ta dubi teburin da aka ajiye hular mai aikin shuɗi, da 'yar takarda maƙale a jikinta.

"Sada," ta ce. "Sunanshi Sada. Ni na haihe shi, ni na aika mashi wanzami. Abba hulla kawai ya ɗauka."

Sunan ya fito daga bakinta wani iri, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Abba ya kife fuska a katakon da yake tsaye ciki yana kuka kamar yaro. Ni ma kukan nake. Lauyan gwamnati ya ce ba shi da sauran tambaya, ya zauna.

Da ranar hukunci ta zo, alƙali ya bi igiyar nan ta Rahinatu daki-daki. Ya ce turi ba a tabbatar da shi ba. Fizgen hula aiki ne na hannun wanda ake tuhuma, amma ko an ɗora masa faɗuwar, iyakar inda ta kai shi ne targaɗe. Raunin da ajali ya biyo ta cikinsa wani hannu ne ya yi shi, a wata rana, ba da saninsa ba. Ya sallami Abba ya wanke shi. Ya ce game da uwar, bai ga abin tuhuma ba sai abin tausayi, ya kuma ba da umarni a mayar da hular ga iyalan mamaci. Kafin ya gama, kujerar Alhaji Shehu ba kowa.

Na nemi Rahinatu a waje in ba ta haƙuri kan tambayar da na yi mata ran farko. Na same ta tana roƙon wasu masu gadi su tura mata mota. Na tuɓe takalmi na shiga cikinsu, iyakar ban-haƙurin da na iya ke nan. Ta leƙo ta taga ta ce in gaida Baba, in gaida awaki.

Abba bai yarda ya shiga gida ba sai da muka biya Ƙofar Kaura. Shi ya karɓi hular daga hannun magatakarda ya ce shi zai kai. Muka tarar da Gwaggo a gindin bedin nan, mata sun cika gidan, waɗanda suka zo jaje da waɗanda suka zo kallo. Ya durƙusa a gabanta, ya miƙa hular da hannu biyu.

Gwaggo ta karɓa, ta cire 'yar takardar kotun ta yar, ta kakkaɓe ƙurar da yatsa.

"Ya ba ka goron?" ta ce.

"A'a, Gwaggo."

"To bai hwanshe ta ba. Taka ce."

Ta jawo kansa a gaban duk matan nan, ta ɗora masa hular, ta karya mata gefe, ta gyara mata zama da hannu biyu, abin da ba ta taɓa yi wa mai ita ba.